Tabar Yaya a Jakata

Talata, 8 ga Afrilu

An koma lakol jiya, hutun makaranta ya ƙare. Zafin garinmu Agiye na bana kamar an kifa mana tukunya.

Mushe Harouna, wato Malam Harouna, surbeyan ɗinmu mai tsaron ƙofa da bulala, ya dawo hutu da sabuwar dabara. Yana tare maza ɗaya bayan ɗaya yana laluben aljihunsu, taba yake nema. Har sa su yake su buɗe baki su huro masa iska a fuska, abin dariya abin ƙyama. Mu mata ko kallo ba mu ishe shi ba, kaɗa mana bulala yake mu wuce. A ganinsa 'ya mace da sigari ba su taɓa haɗa hanya ba.

Shi ya sa yau tun a zaure Yaya ya tare ni. Yaya Habibu, wanda nake bi, da muka zama 'yan aji ɗaya bana saboda ya maimaita turaziyem, ajin ƙarshe na kolej. Ya zura kwalin sigarinsa da birken kunna ta cikin jakata, ƙarƙashin kayen da nake rubuta lissafi. Na ce ba na so. Ya ce, “Haba Laure, ƙohwa kawai za ki wuce da ita, in munka shiga in amsa.” Na ce warin fa? Ya ce kwali a rufe ba shi wari. Sai ya yi mini murmushin nan nasa da ke sa Inna ta manta aiken da ta yi masa.

Na wuce da ita. Ya karɓa a bayan ajin ƙanana da aka fita shan iska.

Ni dai ban ga abin da ke cikin abin nan ba. Leɓe ya yi baƙi, riga ta yi wari, kuma ni ke wanke rigar.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Muna cin mangwaro gindin itacen bedi ni da Fiddausi da Samira, muka hango hayaƙi yana tashi bayan katanga. Samira ta toshe hanci ta ce ita ko za a yanka ta ba ta auren mai shan taba. Fiddausi, ƙawata tun muna ajin farko, ta ce ya danganta da mai shan. Wai akwai wanda in ya riƙe kara tsakanin yatsu sai ka ga ya zama babban mutum. Ta faɗa tana kallon bayan katanga. Na san wa take nufi, na dungure mata kai.

Na ce to in mace ce fa? Su biyun suka kwashe da dariya. Samira ta ce, “Wagga ai sai 'yan tasha.” Fiddausi ta ce ko a fim in ta ga mace ta kunna sigari ta san ba za ta ƙare lafiya ba.

Su kuma mazan, Yaya ya ce a fadarsu, inda suke taruwa shan shayi bakin titi, wanda bai sha ba sunansa ɗan Inna, shi ake aike sayen gawayi.

Na dawo gida na tarar da Kaka tana goge haƙora da furen taba, ga goro a kunci, ga ƙullin garin taba da kanwa a bakin zane. Ita ba mai ce mata komai. Na ce Kaka ke ma 'yar tasha ce ashe. Ta jefe ni da takalmi, ba ta same ni ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Kwali kuma. Na ce masa wannan ne na ƙarshe. Haka na ce ran Juma'a.

Laraba, 16 ga Afrilu

Dole sai na rubuta wannan.

Ashe wata ta ɗauki hoton wani malami yana gyangyaɗi ta watsa, direkta ya ce a binciki mata a kwashe wayoyi. Ba a ƙofa ba, a cikin aji, tun kafin Yaya ya karɓi kayansa. Madam Rukaiya mai koya mana lissafi ce ta shigo. Da ta zo kaina har murmushi ta yi, ta san ba ni da waya. Ta kifa jakata kan tebur don a gama da sauri.

Kwalin ya faɗo. Birken ya gangara har ƙasa, ja ne, kowa ya gan shi.

Sai wani daga baya ya ce, “Kai! Lauratu!” maza suka ɗauki ihu suna buga tebur. Madam ta tsaya da jakar a hannu tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba.

Na waiwaya. Wallahi ban waiwaya don in tona shi ba, jikina ne ya juya da kansa. Yaya yana bencinsa na baya, kansa a sunkuye, yana gyaran marfin biro. Na jira ya ɗago. Bai ɗago ba.

A buro, ofishinsa, direkta ya tambaye ni tabar wa ce. Na yi shiru. Bara an kama Yaya da faɗa, ga maimaita aji, an gaya wa Baba a gabana cewa laifi ɗaya ya rage masa a kore shi. Shi na tuna. Direkta ya ce shiru ma amsa ce, in tafi gida, kar in dawo sai da ubana.

Na san a gida zai faɗa. A lakol tsoro ne ya kama shi, na fahimta. A gida zai faɗa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Baba ya bar buhunan ayarsa a kasuwa ya je lakol, ya dawo bai ce wa kowa sannu ba. Bai dake ni ba. Da ma dukan ya yi.

Ya tsaya tsakar gida ya ce, “Da ɗa namiji ne ya yi wanga, sai in ce ƙuruciya. Amma ke? Ɗiya mace? Mi ya rage kuma da ba ki yi ba?” Ya ce lakol ta ƙare, ya gode Allah da abin ya tsaya nan.

Jarrabawar Birebe ta gama kolej saura wata biyu da 'yan kwanaki. Ni ce ta ɗaya a lissafi tun siziyem, shekarar da muka shiga kolej. Na riga na ga kaina a lise, makarantar gaba da kolej, har na zaɓi kalar jakar da zan saya, ka ji wauta.

Duk maganar nan Yaya yana zaure, yana ji. Da aka kai tuwo suka ci tare da Baba, kwano ɗaya. Ni na kai musu ruwan wanke hannu.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na tare shi bayan rumbu kafin ya tafi masallaci. Na ce Yaya, yaushe?

Ya ce in ba shi kwana biyu, zai san yadda zai yi. Ya ce, “In na hwaɗi yanzu korata za a yi, kin sani. Ke ko mace ce, za su tausaya maki, Baba zai huce.” Idonsa ya yi ja, har na ji tausayinsa, ni da aka kora. Ya rantse ba zai bar ni a ciki ba.

Yana magana ina jin warin a bakinsa. Ya sayi wata ke nan.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Inna ta aike ni niƙa. Ashe garin nan duk ya ji.

Mahamane mai tebur na kan kwana, wanda kullum nake gaishe shi da kawu, ya ɗaga kwali ya ce, “Hajiya Laure, kara nawa za a ba ki?” Mutanen da ke zaune suka yi dariya. Shi ke sayar wa yaran kolej taba kara-kara, amma ni ce abin dariya.

A wurin niƙa mata suka yi shiru da na shiga. Wata ta ja ɗiyarta gefe. Da na juya baya na ji an ce wai har Maradi nake zuwa shan shisha. Ni da rabona da Maradi tun da aka cire mini haƙori. Wata ta ce ai mai shan taba ba ta tsayawa kan taba, akwai ƙwaya, akwai sauran.

Hanyar dawowa dole ta gaban fadar su Yaya. Abdulƙarim, babban abokinsa, wanda ke cin ƙuli-ƙulin Inna kyauta tun yana yawo ba wando, ya ce, “Laure, da kin hwaɗi mana ai da ba mu ɓoye maki ba. Zo ki zauna, akwai wuri.” Ya buga tabarma kusa da shi. Kallon da ya yi mini ba wanda ya taɓa yi mini irinsa.

Yaya yana nan. Shi ke zuba shayi. Ya ɗaga buta sama yana ta haɗa kumfa, idonsa a kan kofi. Abin da ya ce kawai, “Kai ku bari.” Ko mai koran kaza ya fi shi ɗaga murya.

Na iso gida garin ya zube rabi a hanya, ban san lokacin ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Kwana biyun sun wuce.

Laraba, 23 ga Afrilu

Fiddausi ta zo maido mini littafin tarihi. Ta tsaya a zaure, ta ƙi shigowa, ita da ke shiga har ɗakin Inna ta buɗe tukunya.

Na ce ke kin sani. Kin gan shi yana karɓa bayan aji, ba sau ɗaya ba. Ki je ki gaya wa Madam, ke za ta yarda da ke. Ta ce in ta faɗa korar shi za a yi, ita ba za ta iya ɗaukar alhakinsa ba. Na ce nawa alhakin fa? Ta yi ta murza bakin hijabi. Ta ce innarta ta ce kar a sake ganinta da ni, ko yanzu satar hanya ta yi.

Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, “Amma Laure, ke ma mi ya kai ki ɗauka?”

Wannan ta fi ta Mahamane ciwo. Na shiga bayan gida na yi kukana inda ba mai cewa in yi haƙuri.

Asabar, 26 ga Afrilu

Yau na gaya wa Inna. Muna matsar mai, hannunmu duka cikin tunkuza, na ce Inna tabar nan ba tawa ba ce, ta Yaya ce, ni ajiya ya ba ni. Na shirya rantsuwa, na shirya kuka, na shirya komai.

Ba ta ko tsaya da matsa ba. Ta ce, “Na sani.”

Na ce kin sani?

“Ni na haihe ku. Ban san warin kowa ba? Aljihun wancan duk hudar wuta ce.”

Wancan. Inna ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne, kunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan a bakinta ba, daga wancan sai yaron nan. Da abin yana burge ni. Yau na ga ko laifi ya yi ba bakin da zai kama sunansa a gidan nan. Ita kunya, ni girmamawa, Kaka kuma Maigida take ce masa.

Na ce to me ya sa kika bari? Ta ce shi in aka kore shi ba zama zai yi ba. Tasha zai shiga, ko ya bi yaran nan masu tafiya haƙar zinariya arewa, na gidan Ayuba da ya tafi har yau ko gawarsa ba a gani ba. “Ke ko kina gida, ina ganinki. Magana ce, za ta wuce.”

Na ce Baba ma ya sani? Ta ce in miƙo mata kwano. Kaka daga bakin ɗakinta ta tofar da yawun taba ta ce, “Wa bai sani ba?”

Ashe ba ɓoye gaskiya nake yi ba duk kwanakin nan. Kowa yana riƙe da ita, an dai duba an ga ni ce mai arha. Ban taɓa jin haushin Inna irin na yau ba, kuma ina son ta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Talata, 29 ga Afrilu

Na buɗe kayen lissafi don kar in manta. Har yanzu yana warin abin.

Juma'a, 2 ga Mayu

Madam Rukaiya ta zo gidanmu da la'asar, kan motonta mai ƙafa biyu, hijabi duk ƙura. Ta zauna da Baba a zaure ta daɗe. Ina jin ta tana cewa yarinya irin wannan ba a zubar da ita saboda kuskure ɗaya, kanta ya fi na duk ajin. Baba yana ta cewa mutuncin gida. Ta ce mutuncin gida zai fi dawowa in aka ji sunanta a rediyo cikin waɗanda suka ci. Allah ya saka wa matar nan.

Baba ya yarda. Amma direkta ya sa sharaɗi: ran Litinin wurin ɗaga tuta in fito gaban dukan lakol in amsa laifina in nemi gafara, don sauran mata su ji tsoro.

Da za ta tafi ta shigo cikin gida, ta kama hannuna ta ce, “Lauratu, tsakaninki da Allah, taki ce?” Na kalli Inna. Inna ta kalli turmi. Na san in na ce a'a sai a koma buro, a tayar da magana, Baba ya ce to a bar lakol ɗin gaba ɗaya.

Na ce tawa ce.

Madam ta saki hannuna a hankali. Na fi son da ta mare ni.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na gaya wa Yaya abin da za a yi gobe, ko da yake ya sani. Ban roƙe shi ba. Na ce dai zan tsaya, zan ɗan jira kafin in fara. Ya ce, “In sha Allahu.” Ban san me yake nufi ba, shi ma ina jin bai sani ba.

Na goge masa rigar lakol tare da tawa. Hannu ya saba.

Litinin, 5 ga Mayu

An ɗaga tuta, an yi take, direkta ya kira sunana har da na Baba.

Na fito. Rana a fuskata, yashi ya cika mini takalmi. Lakol duka, daga ƙanana har manya, har mai sayar da ƙosai ta leƙo ta katanga. Na nemo layin turaziyem na same shi, shi ne dogon na uku daga baya. Na jira kamar yadda na ce. Na jira har Mushe Harouna ya buga bulala a ƙafar wandonsa ya ce ba mu da lokaci.

Yaya yana kallon tuta. Kai ka ce yau ya fara ganin ta.

Na ce sigarin da aka samu a jakata tawa ce, na yi kuskure, na ci amanar iyayena da malamaina, ina neman gafara, ba zan sake ba. Muryata ba ta ko yi rawa ba, abin ya ba ni mamaki. Direkta ya yi dogon jawabi kan tarbiyyar 'ya mace, wai mace ita ce uwar al'umma, in ta lalace kowa ya lalace. Cikin masu tafa masa na ga yatsu nawa masu launin taba.

Na koma aji. Samira da muke benci ɗaya ta koma na gaba, wai ba ta ganin allo.

Amma na koma. Wannan dai na samu.

Alhamis, 8 ga Mayu

An yi gwajin lissafi, na fi kowa. Madam ta miƙo mini takarda ba ta kalle ni ba.

Wani ya ajiye guntun sigari cikin teburina. Na ɗauka na jefar ta taga. Ban yi kuka ba, na gaji da ba su abin kallo.

Yaya ya kawo mini tsire a takarda da yamma, ya ajiye bakin ɗaki ya wuce. Na ba Kaka, ta tsotse yajin ta ba kyanwa naman.

Laraba, 14 ga Mayu

Abin da idona ya gani yau.

Gindin bedin da ke gaban ƙofar lakol, da safe. Yaya da Fiddausi. Ya yi mata murmushin nan, ya zura hannu cikin jakarta. Ita kuma tana rufe baki da hijabi tana dariya, kamar an ba ta kyautar zobe.

Ko wata guda ba a yi ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na ce ba ruwana, na kwana biyu ina cewa ba ruwana, sai ga ni na tare ta wurin randa. Na ce Fiddausi, kin ga abin da ya same ni, ki maida masa kayansa. Ta ce an gama binciken mata ai, kuma shi ya rantse mata in wani abu ya faru zai fito ya faɗa. Na yi dariya har ta tsorata. Ta ce, “Ke dai baƙin ciki kike don ya yarda da ni.”

To. Allah ya ba da sa'a.

Litinin, 19 ga Mayu

An sake binciken mata, yau a ƙofa. Madam Rukaiya da tebur, Mushe Harouna a ɗaya gefen da maza. Fiddausi tana gabana a layi. Na ga bayan wuyanta ya jiƙe, ta rungume jaka a ƙirji, tana waige-waige. Shi kuwa an riga an lalube shi ya wuce, yana tsaye ciki da su Abdulƙarim, hannu a aljihu. Ta kalle shi. Ya juya yana kallon wani wuri. Na san juyawar nan, na san ta sarai.

Saura mutum ɗaya a zo kanta.

Ban shirya ba. Na ji dai murya ta fito, da ƙarfi, irin wadda ake kiran yaro daga gona.

“Habibu! Zo ka amshi tabarka cikin jakar Fiddausi, kahin a ce tata ce.”

Kowa ya tsaya. Ban san ko don in cece ta na yi ba, ko don in ƙona shi. Har yanzu ban sani ba. Fiddausi ta fashe da kuka ta zazzage jakar da kanta, ta ce wallahi nashi ne, shi ya ba ta, na Laure ma nashi ne. Mushe Harouna ya kama shi a wuyan riga ya yi buro da shi.

Yini na yi ina nanata wa kaina abu ɗaya. Na kore shi. Na tura shi arewa haƙar zinariya, na kashe Inna.

Kafin a tashi sai ga shi a fili da tsintsiya. Bulala 'yan kaɗan da sharar fili, shi ke nan. Ina ji Mushe Harouna yana ce masa, “Kai dai ba ka ji, ja'iri,” yana dariya. Direkta wai ya ce jarrabawa ta matso, ba a korar yaro a irin wannan lokaci kan abin da duk samari ke yi. Ba a kira Baba ba. Ba maganar tuta. Da ya gama shara su Abdulƙarim suka ɗaga shi sama kamar ya ci kokawa.

Abin da na sayar da sunana don in tare masa ke nan. Shara.

Talata, 20 ga Mayu

Na sami Madam bayan darasi. Na ce tunda an ji gaskiya, ko za a faɗa wurin tuta cewa ba tawa ba ce? Ta riƙe kafaɗata, idonta ya ciko, ta ce ta yi wa direkta maganar tun jiya. Ya ce an rufe wannan zance, yarinya da bakinta ta amsa gaban kowa, in an sake tayarwa lakol ce za ta ji kunya. Ta ce in ci jarrabawa, shi ne amsata.

A gari kuwa labarin ya zama wai ni da wana tare muke sha, da muka ɓata na tona shi. Mahamane mai tebur ya ce mini yau, “A gaida Yaya.”

A gida Baba ya kira shi ya ce ya rage abin nan, yana cin ƙirji. Ya rage. Sannan ya juyo kaina ya ce, “Ke kuma, wanki kinka kira da suna tsirara gaban jama'a? Haka anka koya maki?” Na ce a yi haƙuri. Na lura haƙurin nan ya fara fita bakina ba tare da ya taɓa ko'ina ba.

Inna ba ta yi mini magana ba tun jiya. Kaka ce kawai ta kira ni ɗakinta ta ɓallo mini goro.

Fiddausi ta dawo bencina da kanta. Na matsa mata. Ba mu yi hira ba.

Asabar, 24 ga Mayu

An yi ruwan farko jiya, gari ya yi sanyi, maza sun fita shuka tun da safe. Na yi wanki, nawa da na Inna da na Kaka da rigunan Baba. Sai da na shanya na ga rigar lakol ɗin Habibu tana nan rataye a ƙusa. Ban ƙi ta da gangan ba. Ban dai gan ta ba.

Inna ta yi mini magana yau, ta ce in sa gishiri a miya.

Da ya dawo gona ya same ni gindin rumbu ina bitar lissafi. Ya tsaya ya daɗe, ƙafarsa duk laka. Sai ya ajiye jaka kusa da ni, sabuwa, shuɗiya, irin wadda na taɓa nuna masa a kasuwa na ce ita zan riƙe in na shiga lise. Ashe ya riƙe maganar. Ya ce, “Laure, ki yahe mani. Tsoro ne. Wallai tsoro ne.” Na yarda tsoron ne, ban taɓa cewa ba shi ba ne.

Na ce ba komai, ya wuce. Kuma ba fushi nake ba, na duba cikina ban sami fushin ba. Jakar tana da kyau, zip ɗinta ma mai ƙarfi ne.

Bai tafi ba, yana jira. Na ɗago na buɗe baki in ce na gode Yaya, yadda na saba tun ina koyon magana.

Na gode ɗin dai ta fito.